Ina ake amsa maka in ka yi rubutu? Facebook, X, Threads da sauransu a kan sikeli

Wani ƙanen abokina, malamin gona ne a wata ƙaramar hukuma, ya tare ni da tambaya bayan mun fito sallar la'asar. Yana so ya riƙa rubuta wa manoma abin da ya sani game da taki da iri da maganin ƙwari, da Hausa, kuma ba ya sha'awar tsayawa gaban kyamara. Ya ce, "Yaya, a ina ya kamata in riƙa sakawa? Wasu sun ce X ne wurin masu ilimi, wasu sun ce Threads ake yayi. Ni kuwa datata ba za ta iya da su duka ba." Na ce masa tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce wa yake so ya amsa masa, kuma wace irin amsa. Amsar da na ba shi a tsaye ce nake so in faɗaɗa a nan, don na san masu irin tambayarsa suna da yawa: malaman makaranta, marubutan littattafai, 'yan jarida, masu ƙananan sana'o'i.

Abin da ake kira hulɗar masu karatu hawa-hawa ne, kuma mutane na yawan haɗa su wuri guda su ruɗi kansu. Akwai wanda rubutunka ya gifta ta fuskar wayarsa yana sauri zai wuce. Akwai wanda ya danna layik, wataƙila ya karanta, wataƙila sunanka kawai ya gani. Akwai wanda ya tsaya ya rubuta tsokaci. Sai kuma wanda ya ɗauki rubutun ya tura wa wani, ko ya neme ka ta saƙo, ko ya je ya yi aiki da abin da ka faɗa. A ce mutum 10,000 sun ga rubutunka, 200 sun danna layik, 5 sun yi magana. A wani wurin kuma mutum 400 kacal suka gani, amma 30 suka yi tambaya ta gaske. Ga malamin gona, na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

Su kansu kamfanonin sun san da wannan bambanci. A watan Maris na 2023 Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta fitar da wani ɓangare na lissafin da na'urarta ke bi wajen zaɓar rubutun da za ta nuna wa mutane. A wancan lissafi, bayan gyaran da aka yi masa a Afrilu, layik yana da maki 0.5, sake yaɗa rubutu yana da maki 1, amsa tana da 13.5, amsar da mai rubutun ya dawo ya kula ta kuma tana da maki 75. Wato tsokaci guda da ka tsaya ka mayar wa martani ya kai nauyin layik 150. An sha sauya tsarin bayan nan, amma ya nuna inda hankalinsu yake: hira suke nema, domin hira ce ke zaunar da mutum a manhaja. Duk dandalin da za ka zaɓa, ka riƙe wannan.

Zan fara da Facebook, ko da yake wasu ba sa lissafa shi cikin dandalin rubutu, suna ganin na hotuna ne da bidiyo. A ƙasar Hausa wannan kuskure ne babba. Mafi yawan dogon rubutun Hausa da ake yi a intanet, na siyasa da na addini da na zamantakewa, a can ake yin sa. Dalilan a fili suke. Rubutu guda zai iya haura haruffa 60,000, don haka babu mai datse maka magana. Manhajar Facebook Lite tana tafiya a ƙaramar waya da raunin sabis. Tun 2016 ake iya juya manhajar zuwa Hausa. Kafofin da Bahaushe ya saba ji a rediyo ko karantawa, BBC Hausa da DW da RFI da Freedom Radio da jaridar Aminiya, duk sun tara jama'arsu a can, kuma wanda ya shiga karanta labari yakan zarce zuwa rubutun mutane. Abu mafi muhimmanci kuwa, wanda ke maka tsokaci a Facebook sau da yawa ka san shi, ko ka san wanda ya san shi. Ɗan ajinku ne na sakandare, ko surukin maƙwabcinka, ko limamin unguwar da ka taso. Magana a gaban wanda ya san gidanku dabam take da magana a gaban baƙo.

Amma sai ka iya karanta tsokacin Facebook kafin ka yi murna da yawansa. Buɗe duk wani rubutu mai farin jini ka duba. Za ka ga "Masha Allah", "Allah ya ƙara basira", "Wannan haka yake", "Fatan alheri", a jere kamar carbi. Za ka ga wanda ya ajiye ɗigo guda don a sanar da shi in an ci gaba. Addu'a abu ce mai kyau, kuma ina jin daɗinta in an yi mini, sai dai ba ta gaya maka ko an fahimci abin da ka rubuta. A tsakiyar waɗannan ne za ka tsinci mutum uku ko huɗu da suka rubuta sakin layi guda: wani ya ce a garinsu ba haka ake yi ba, wani ya kawo hujjar da ta saɓa wa taka, wata ta tambayi abin da ka manta ba ka faɗa ba. Waɗannan su ne ribar. Kuma a gaskiya ban ga wani dandali da ke ba mai rubutun Hausa irin waɗannan mutane da yawa kamar Facebook ba.

Aibinsa ma a nan yake. A watan Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai fifita rubutun da ke jawo magana tsakanin mutane a kan na shafukan kamfanoni da kafofin labarai. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamar fushi da sauran alamomin motsin rai suke da nauyin layik biyar. Abin da ya fi saurin jawo magana kuwa shi ne abin da ke tunzura mutane. Shi ya sa rubutun da ya taɓa aƙida ko ƙabila ko rikicin maza da mata yake tashi kamar wutar daji, na yadda ake gane takin jabu kuma yake tafiyar hawainiya. Tun da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta buɗe wa 'yan Najeriya da Ghana ƙofar samun kuɗi daga abin da suke wallafawa a 2024, masu jefa tambayar tsokana don a taru a yi ta cacar baki sun ƙaru. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na ga masu alƙalami mai kyau sun koma rubuta layi biyu na neman faɗa. Wani abin lura kuma: aboki a shafin mutum ba ya wuce 5,000, sauran sai dai su zama mabiya, kuma rubutun da ke ɗauke da adireshin wani shafi na waje ba ya yin nisa kamar wanda aka zuba gaba ɗaya a ciki.

X, wanda har yanzu yawancinmu Twitter muke ce masa, wata duniya ce dabam. An kafa shi a 2006 da haruffa 140, aka ninka zuwa 280 a 2017. Elon Musk ya saye shi a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna a Yulin 2023. Jama'arsa a Najeriya ba su kai na Facebook ba, amma dubi su waye: 'yan jarida, masu magana da yawun gwamnoni da ministoci, bankuna, kamfanonin waya da na jiragen sama, lauyoyi, 'yan gwagwarmaya. Maudu'in neman a dawo da 'yan matan Chibok a 2014 da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 duk a nan suka yi ƙarfi har duniya ta ji. Koken rashin tsaro a Arewa ma, in ana so ya isa kunnen Abuja cikin sa'o'i, nan ake kai shi. In buƙatarka ita ce wani mai iko ya ji, ko ɗan jarida ya ɗauka, babu na biyun X.

Sai dai irin amsar da ake samu a can tana da kaifi. Baƙo ne ke amsa maka, sau da yawa da sunan aro da hoton da ba nasa ba. Zai iya ɗaukar rubutunka ya ɗora nasa a kai ya nuna wa mabiyansa, kafin ka farga ɗaruruwan mutanen da ba su san ka ba, ba su karanta abin da ka faɗa kafin wannan ba, sun yi maka ca. Wanda ya biya kuɗin shuɗiyar alamar tantancewa, amsarsa ce ke hawa sama ko da ba ta da ma'ana. Tun da aka fara biyan masu alamar a 2023 gwargwadon yadda ake hulɗa da rubutunsu, sai aka samu masu bin manyan shafuka suna zuba amsa ko ta wace iri don a gan su. Ga mai rubutun Hausa kuma akwai wani shinge: zauren da ake kira Arewa Twitter rabinsa Turanci ne, sauran gauraye. Hausa zalla tana tafiya a barkwanci da habaici da karin magana, amma bayani mai tsawo kan noman masara da wuya ya samu masu tsayawa. Manomin da ƙanen abokina yake nema ba ya can.

Lambar nan ta "waɗanda suka gani" da X ya fara nunawa a ƙasan kowane rubutu tun Disamban 2022 ita ce ta fi yaudarar mutane. Duk wanda rubutun ya gifta masa an ƙirga shi. Ga misali da ya kamata kowane ɗan jarida ya sani. Gidan rediyon NPR na Amurka ya daina wallafawa a Twitter a Afrilun 2023, yana da miliyoyin mabiya. Bayan wata shida, masu ziyartar shafinsa sun ragu da kusan kashi 1 cikin 100 kawai. Ashe duk wannan taron ba ya biyo su gida. Musk da kansa ya shawarci masu rubutu su riƙa sa adireshin shafi a cikin amsa maimakon ainihin rubutun, wanda ya nuna maka yadda dandalin yake ɗaukar duk abin da zai fitar da mutum waje. Sannan binciken cibiyar Pew na 2019 ya gano cewa kashi 10 cikin 100 na baligan Amurkawa masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na abin da baligan ƙasar ke wallafawa. Hayaniyar tana da yawa, bakunan kaɗan ne.

Threads na Meta ne, ya fito ranar 5 ga Yulin 2023, ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Sirrin shi ne an ɗaure shi da Instagram, da dannawa biyu ka shiga da sunanka da mabiyanka. A Agustan 2025 kamfanin ya ce masu amfani da shi a wata sun haura miliyan 400. Rubutu guda haruffa 500 ne. Abin da ya bambanta shi shi ne na'urar ce ke tuƙa kusan komai: tana ɗaukar rubutun wanda ba shi da mabiya ko ɗari ta kai shi gaban dubbai in ta ga ana amsawa. Wannan dama ce ga sabon shiga, wadda X ba ya bayarwa cikin sauƙi. Amma mutanen da ta kawo maka yau ba lallai ne su dawo gobe ba, domin ba kai suka biyo ba, tura musu kai aka yi. Tambaya mai sauƙi, irin "wane abinci ne ba ka iya ci?", ita ke cin kasuwa a can. Daga farkon 2024 Meta ta rage nuna rubutun siyasa ga wanda bai nema ba, ta janye matakin a Janairun 2025, amma har yanzu wurin bai zama inda ake bin labari da ɗumi-ɗuminsa ba. Wanda na ga Threads zai yi wa rana a cikinmu shi ne mai jama'a a Instagram tun asali: mai sayar da atamfa da leshi, mai turaren wuta, mai girke-girke, jaruman fim. Su za su iya jan hira da masu sayensu ba tare da ɗaukar sabon hoto kullum ba.

Bluesky ya faro ne a matsayin wani aiki a cikin Twitter a 2019 zamanin shugabancin Jack Dorsey, ya zama kamfani mai zaman kansa, ya buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024. Ya cika da mutane sau biyu: lokacin da kotu ta rufe X a Brazil a ƙarshen Agustan 2024, da kuma bayan zaɓen Amurka na Nuwamban shekarar, inda ya haura miliyan 20. Haruffa 300 ne. Kai ke zaɓar irin jerin rubutun da kake so ka gani, ba ya danne adireshin shafi, kuma in wani ya ɗora magana a kan rubutunka don a yi maka taron dangi kana iya cire naka daga ƙarƙashinsa. Malaman jami'a da masu bincike da 'yan jaridar Turai da Amurka sun koma can da yawa, kuma amsoshinsu kan zo da natsuwa. In kana digiri na uku kana neman masana fanninka, buɗe shafi a can yau. In Hausawa kake nema, za ka yi sallama ka ji shiru.

Mastodon ma haka, har ya fi. Wani Bajamushe, Eugen Rochko, ya ƙirƙiro shi a 2016. Babu talla, babu na'urar da ke zaɓar maka abin karantawa, rubutu na zuwa ne bi da bi yadda aka saka shi, kuma ba kamfani guda ke riƙe da shi ba, ƙananan rumbuna ne masu zaman kansu da ke magana da juna. Tsarin yana burge ni, ina kuma fatan wata rana wata jami'a ko ƙungiyar marubuta a Kano ko Zariya ko Maraɗi za ta kafa rumbun Hausa a kansa. Kafin nan, wurin masu harkar kwamfuta ne.

Akwai wurare biyu da masu irin wannan kwatance a ƙasashen waje ba sa sakawa, mu kuwa ba za mu tsallake su ba: WhatsApp da Telegram. Duk mai bin adabin Hausa na yanzu ya san marubuta mata da yawa a zaurukan WhatsApp suke sakin littattafansu shafi-shafi. Sukan ba da farkon kyauta, in labari ya ɗauko daɗi sai a ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a zauren waɗanda suka biya. A wajena wannan ita ce hulɗa mafi nauyi a duk abin da na lissafa, domin mai karatu ya sa hannu a aljihu. Marubuciyar tana ganin sharhi a daren da ta saki shafi, masu karatu na faɗa da juna a kan halin tauraron labarin, wasu na roƙon kada a kashe wance. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Tashoshin WhatsApp da aka ƙaddamar a 2023 ba su da wannan iyaka, sai dai mabiyi alama kawai zai iya dannawa, ba ya iya rubuta amsa. Telegram kuwa zaurensa na ɗaukar har 200,000, tasharsa na nuna adadin waɗanda suka buɗe kowane saƙo, ana iya haɗa ta da wurin tsokaci, kuma sabon shiga yana iya komawa ya karanta tun daga farko. Matasanmu da yawa sun sauke shi a 2024 lokacin da ake yayin haƙar kirifto ta danna waya, amma da yawansu ba karatu ya kai su ba. Raunin duka biyun guda ne: baƙo ba ya tuntuɓe da kai. Sai wanda ya riga ya san ka, ko aka tura masa. Ga kuma masu kwafe rubutu su cire sunan mai shi su yaɗa.

To, me na ce wa malamin gona? Na ce taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Ya mai da Facebook gidansa, ya riƙa zuba bayanin gaba ɗaya a can, layin farko ya zama matsalar da manomi ke gani da idonsa, misali ganyen masara ya yi rawaya daga ƙasa, domin layi biyu ko uku kawai ake nunawa kafin a ce a danna a ga sauran. Ya ware minti talatin bayan ya saka rubutu ya zauna amsa tambaya, ko da mutum biyu ne suka yi. Duk wanda ya yi tambaya ta gaske sau biyu, ya gayyace shi zauren WhatsApp, inda wanda karatun boko bai yi masa nisa ba zai iya aiko hoton gonarsa da saƙon murya. X kuma ya ajiye shi don ranar da takin gwamnati ya maƙale a hanya ko tsutsa ta afka wa gonakin yankinsu, ya rubuta gajere da Hausa da Turanci, ya ambaci ma'aikatar da abin ya shafa da 'yan jarida biyu ko uku.

Da ɗan jarida ne ya tambaye ni, da na juya tsarin: X a gaba don samo labari da majiya, Facebook don masu karatu. Marubuciyar littafi, Facebook don a san ta, WhatsApp ko Telegram don a biya ta. Mai kayan sayarwa da ke da Instagram, ta gwada Threads wata guda ta gani. Gwajin ma ba wuya: rubutu iri ɗaya a wuri biyu na tsawon mako huɗu, a sami littafi a riƙa rubuta abu uku, tambayoyi nawa aka yi, mutum nawa suka biyo ta saƙo, mutum nawa suka dawo karo na biyu. Kada a rubuta adadin layik ko na waɗanda suka gani.

Abu na ƙarshe da na ja masa kunne a kai shi ne ajiya. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, kwana 222. Masu sana'ar da duk cinikinsu a can yake sun ji jiki. Shafin Facebook ma ana iya rufe shi ko a sace shi dare ɗaya. Na ce duk rubutun da zai saka ya fara rubuta shi a wani wuri a wayarsa ya adana, lambobin manoman da suka fi yi masa tambaya kuma ya kwafe su a littafin da yake zuwa gona da shi. Ya ciro littafin daga aljihun babur ɗinsa ya nuna mini, akwai sunayen ƙauyuka goma sha ɗaya a ciki da ranakun kasuwarsu, ya ce daga shafi na gaba zai fara.